Gefen da Yaya Ya Gama

Shekararsa hamsin da bakwai, gemunsa ya yi fari, jikokinsa huɗu, amma har yau Auta ake ce masa. Ko samarin da ya haife su, in sun turo mota garejin sai ka ji sun ce, "Ina Baba Auta?" Shi kuwa wansa, Yaya kowa ke ce masa, har waɗanda suka girme shi. Shekara talatin da ɗaya suka yi tare a rumfar kwanon nan, tsakanin shagon mai faci da bangon wata ma'ajiyar siminti. Rami ɗaya, benci ɗaya, da akwatin sifana wanda murfinsa ba ya rufuwa sai an taka shi.

Auta bai zaɓi kanikanci ba. Yana aji biyu na sakandare aka aike shi ya kai wa Yaya saƙo a inda yake koyon aiki, Yaya ya ce, "Riƙe min nan." Ya riƙe. Washegari ma ya dawo ya riƙe. Haka makaranta ta sulale ba tare da kowa ya ce a bar ta ba. Tun daga nan Yaya ke magana da masu mota, shi ke gano ciwo, shi ke cewa a canza ko a lallaɓa. Auta ya kwance, ya ɗaure, ya wanke hannu. Bai taɓa jin an tauye shi ba. Mutum ne da bai cika son a tambaye shi ra'ayinsa ba, ko a gida matarsa ce ke zaɓar kalar fentin ɗaki.

Abin da aka san Yaya da shi a layin shi ne ba ya kuskure. In ya kwance ƙafar mota, sai ya shimfiɗa buhu biyu, kayan hagu a na hagu, kayan dama a na dama, kuma ba ya ɗaura sabon abu sai ya kwantar da shi kusa da tsohon ya dube su. Mai faci yakan ce ko ƙwai za a soya wa Yaya sai ya nemi tsohon ya gwada.

Kwana goma sha biyu da suka wuce, ranar wata Talata, Yaya ya gama gefen hagu na motar wata malamar firamare, ya mayar da taya, ya je ya zauna a benci. Wajen sha biyu da rabi ya zame ya faɗi. A asibiti aka ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Likitan, wani matashi mai saurin magana, ya tambayi Auta, "Ƙarfe nawa abin ya fara? Ka tuna sosai, Baba, domin akwai allurar da ba ta aiki sai in an zo da wuri." Auta ya ce da rana ne, lafiya lau yake har ya zauna. Aka ɗauki hoton kai, likitan ya daɗe yana kallonsa, ya ce abin ya riga ya yi nisa, bai yi allurar ba. Kwana biyu Yaya ya yi, ya rasu.

Auta bai yi kuka ba. Ya zauna inda aka ce ya zauna, ya miƙa hannu ga duk wanda ya miƙo, ya ci abin da aka ajiye a gabansa ba tare da ya san ɗanɗanonsa ba. Mutum ɗaya ce kawai ta hana shi sakat: babbar 'yar Yaya, wadda ta gama jami'a wata uku da suka wuce, take zaune a gida tana jiran aiki. Sunan mahaifiyarsu aka sa mata, shi ya sa shi da Yaya duka Uwata suke ce mata. Sau uku ta tare shi a ƙofar gida.

"Baffa, da safen nan ba ka ga komai ba? Ko a maganarsa?"

"Ban ga komai ba, Uwata."

"Ko kaɗan?"

"Lafiya lau yake."

Ba ƙarya yake mata ba, a iya saninsa. In ya nemi safiyar nan a kansa, sai ya tarar da wuri fayau kamar bangon da aka shafe da farar ƙasa.

Yau ya buɗe garejin. Ba don ya ji zai iya ba, sai don Malama ta kira jiya, ta yi gaisuwa mai tsawo, sannan a ƙarshe cikin jin nauyi ta ce yara biyar take kaiwa makaranta a motar, nata uku da na maƙwabta biyu, amma kada ya matsa wa kansa.

Motar tana nan yadda aka bar ta. Tsohuwar ƙaramar mota ce shuɗiya, irin mai ƙofa a baya wadda ba ta da wurin kaya daban, fentin saman ya ƙone da rana. Gefen dama na kan gungumen katako, tayar a jingine da bango. Kwalin sabon shokabzoba, ƙarfen da ke shanye girgiza a ƙafar mota, ɗaya a buɗe babu komai ciki, ɗayan ko tef ɗinsa ba a yanke ba. Kofin shayin Yaya na ƙarƙashin benci, tururuwa sun gama da shi sun watse.

Mai faci ya leƙo, hannunsa riƙe da tiyub.

"A'a, Auta! Yau ka tuna kana da maƙwabci? Na ce ko ka samu aikin ofis ne."

"Ina kwana."

"Lafiya lau. Ya ƙarin haƙuri?" Ya tsaya yana jujjuya tiyub ɗin. "Na riƙa watsa ruwa a gaban shagon, kada a ce an tashi. In kana son hannu ka yi magana. Ban iya komai ba, amma na iya tsayawa a kan mutum ina surutu."

"Na gode."

Ya fara. Hannu ya san hanyarsa ko da mai shi ba ya nan. Ya zare tiyon burki daga ƙaramin kunnen ƙarfen da ke riƙe da shi a jikin shok, ya fesa mai a kan manyan notin ƙasa biyu, ya jira, ya sa dogon bututu a kan sifana ya taka. Na farko ya yi ƙara ya sake. Na biyu sai da ya sha guduma. Ya buɗe bonet ya kwance ƙananan noti ukun da ke sama, ya tallafe da gwiwa, ya zaro abin gaba ɗaya da sifirin ɗinsa, murɗaɗɗen ƙarfen da ya zagaye shi. Jikin shok ɗin ya jiƙe da baƙin mai, ƙasa ta manne a kai kamar taɓo.

Matse sifirin shi ne aikin da ba a wasa da shi, domin in ya kuɓuce yana iya cire wa mutum haƙora. Maƙata biyu gare su masu zare, ana saƙala ɗaya a kowane gefe, a riƙa ɗaure su daidai wa daida. Shekara talatin Yaya ke juya ɗaya, Auta ke juya ɗaya. Yau sai ya juya wannan sau biyar, ya zagaya, ya juya wancan sau biyar. Ya ɗauke shi ninki uku na lokacin da suka saba. Bai ji komai ba sai ciwon ƙugu.

Da ya cire notin kai ya zare tsohon shok, ya danna sandarsa da tafin hannu. Ta shige ba gardama, ba ta dawo ba. Ya mutu murus. Ya kwantar da shi a kan buhu, ya yanke tef ɗin kwali, ya kwantar da sabon kusa da shi.

Tsayi ɗaya. Ramukan noti ɗaya. Amma kunnen da ke riƙe tiyon burki, na tsohon yana kallon gaba, na sabon yana kallon baya.

Ya juya shi. Ya sake juya shi. Na hagu ne.

Abu na farko da ya ji a kwana goma sha biyu shi ne haushi, har ya ɗan ji daɗinsa. Ya zaro waya ya kira mai sayar da kayan gyara.

"Kai, hagu biyu ka ba mu."

"Baba Auta, ya haƙuri? Wallahi ban samu zuwa ba..."

"Hagu biyu ka ba mu, na ce."

"Haba Baba. Ni da Yaya? Mutumin da ya sa na buɗe kwali ɗaya a gabansa, ya karanta jikin ɗayan har da sa tabarau? Hagu da dama ya ɗauka. In na ba Yaya hagu biyu ai da tun a ranar ya dawo ya kwashe min albarka."

Auta ya kashe wayar. Ya sake duban sabon da ke kan buhu. Sannan ya ja jak zuwa gefen hagu, gefen da Yaya ya gama, ya ɗaga, ya cire taya.

Sabon shok na nan, baƙi, yana sheƙi, notinsa a ɗaure tam. Kunnensa yana kallon inda bai kamata ba. Tiyon burkin bai kai wurin ba, sai aka ja shi da ƙarfi aka ɗaure da guntun wayar ƙarfe. Ya miƙa hannu ta taga ya juya sitiyari har ƙarshe, ya dawo ya duba. Tiyon ya miƙe kamar tsirkiya, yana gogar bakin ƙarfe. Sati biyu, ko uku, wata rana a kan kwana Malama za ta taka burki ƙafarta ta tafi har ƙasa.

Amma ba tiyon ya tsaya kallo ba. Wayar ya kalla. Yaya in ya murɗa waya, sai ka rantse inji ne ya yi, ya datse bakin ya lanƙwasa shi ciki don kada ya yanki wani. Wannan kuwa an naɗa ta ne sako-sako, zagaye biyu a karkace, bakin a tsaye. Aikin hannu ɗaya ne.

Sai safiyar ta dawo masa, ba da ƙarfi ba, a hankali, abu bayan abu. Suna matse sifirin na hagu, gefen Yaya yana ta zama a baya, har sifirin ya fara karkata. Ya ce, "Yaya, barci kake?" Yaya ya faɗi wata magana da bai kama ba, shi kuma bai ce ya maimaita ba. Sifana mai lamba sha bakwai ta faɗi daga hannun Yaya. Ta sake faɗuwa. Da aka kawo shayi, ya zubo ta gefen bakinsa ya ɓata masa gaban riga, mai faci ya ce, "Tsufa ya zo, a nemo wa Yaya abin ɗaura wa jarirai a wuya," su biyun suka yi dariya, Yaya ma ya yi wani murmushi na gefe guda. Daga nan Auta ya shiga rami ƙarƙashin wata motar ɗaukar kaya yana fama da kuloci, bai fito ba sai da ya ji faɗuwar. Lokacin shayin nan rediyon mai faci yana karanta labaran ƙarfe tara.

Awa uku da rabi. Mutumin yana tsaye taku biyar daga gare shi, yana ɗaura na dama a hagu da hannu ɗaya.

Ya zauna a kan tayar. Ya jira wani abu ya taso masa, kuka ko ihu. Ba abin da ya taso. Sai ma kansa ya shiga tsara aiki: sifirin ɗin gaba duka iri ɗaya ne, saboda haka ba sai ya wargaza haɗin Yaya ba. Zai zare shi yadda yake ya mayar da shi dama, inda ya dace, ya haɗa na kwalin ya sa a hagu. Awa ɗaya da rabi. Zai jefa wayar ƙarfen a rami. Ba wanda zai taɓa sani.

Ya tashi ya warware wayar, ya sa a aljihu maimakon rami. Ya kwance notin ƙasa. Yana cikin bonet yana kwance na sama ya ji sallama a bayansa.

'Yar Yaya ce, da jaka a kafaɗa, idanunta sun faɗa.

"Baffa, sannu da aiki. Umma ce ta ce in zo in ɗauko tabaraunsa, wai ba ta gan shi a gida ba."

"Yana cikin akwati. Taka murfin ta gefe sai ya buɗe."

Ta ɗauko, ta goge shi da bakin mayafi, ta sa a jaka. Ba ta tafi ba. Ta tsaya tana kallon motar, gaba duka a sama, babu taya ko ɗaya. Yarinya ce da ta yi wayo a kan bencin nan, tana aikin makaranta tana jin ƙarar guduma, ta san abin da take gani.

"Ba ka ce ya gama wannan gefen ba?"

Mai faci, wanda ya matso don su gaisa, ya yi caraf ya ce, "Ke dai 'yar boko, komai sai kin yi tambaya. Dubawa yake. Ai Auta tun yana yaro yake son ya kama Yaya da kuskure, bai taɓa dacewa ba."

Hanya ce aka buɗe masa, faffaɗa. Da ya ce "dubawa nake" shi ke nan. Ya kalli sifanar da ke hannunsa. Ya ga ta sha bakwai ce.

"Malam, ba mu wuri," ya ce.

Mai faci ya dube shi, ya dubi yarinyar, ya koma shagonsa. Har rediyon ya rage.

"Zo ki gani, Uwata."

Ta tsuguna kusa da shi. Ya nuna mata kunnen, ya nuna mata tiyon da inda ƙarfe ya fara cin robar. Ya je ya ɗauko na kan buhu ya riƙe kusa da shi don ta ga bambancin. Muryarsa irin wadda yake yi wa masu mota bayani ce in Yaya ba ya nan, ba hawa ba sauka.

"Wannan na dama ne. A hagu ya sa shi."

"Baba?"

"Shi."

"Baba ba ya..."

Ya zaro wayar ƙarfen daga aljihu ya sa mata a tafin hannu, har yanzu da lanƙwasarta.

"Da wannan ya ɗaure. Hannunsa ɗaya ba ya aiki lokacin. Kin tambaye ni sau uku na ce miki ban ga komai ba. Na gani. Sifana ta faɗi a hannunsa sau biyu. Shayi ya zubo masa ta gefen baki. Na yi masa dariya, na shiga rami."

"Ƙarfe nawa?"

"Tara."

Ya ga leɓɓanta suna motsi, tana ƙirga awannin da shi ma ya ƙirga. Ya jira. Ya shirya ta ce masa duk abin da za ta ce, ta je ta faɗa wa uwarta, a daina gaishe shi a gidan da ya fi shekara talatin yana shiga ba sallama. Ya ga kamar hakan ma daidai ne.

Ta zauna a ƙasa, a kan baƙin mai, ba ta ko duba ba.

"Ya kira ni," ta ce. "Goma da minti goma sha ɗaya. Yana nan a wayata, kullum sai na duba. Ina layi a wani ofis zan miƙa takarduna. Yana magana ba na gane abin da yake cewa, kamar bakinsa cike da ruwa. Na ce, Baba layin ba kyau, zan kira ka in na fito." Ta juya wayar ƙarfen a hannunta. "Layin lafiya lau yake, Baffa. Ina jin gudumarka a bayansa tar."

Ta ɗago ta dube shi.

"Da ka ce min lafiya lau yake har rana, sai in ce to wataƙila layin ne. In na kwanta sai in ce ba layin ba ne. Shi ya sa nake ta tambayarka."

"Da na sani da na faɗa miki tun farko."

"Ni ma ban faɗa wa kowa ba."

Wata babbar mota ta shiga ma'ajiyar siminti da baya, wani yana buga mata jiki yana cewa taho, taho, tsaya. Suka saurara har ta tsaya. Ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa ba laifinka ba ne.

"Likitan ya ce da an zo da wuri..." ta fara.

"Ya ce akwai allura. Bai ce tabbas ba."

"Bai ce ba."

Can ta ce, "Yanzu sai ka wargaza nasa duka?"

"A'a. Haɗin lafiya yake, ko noti ɗaya bai bari sako-sako ba. Wurin ne kawai ba nasa ba. Dama zan mayar da shi."

Ta gyaɗa kai. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya cire notin sama na ƙarshe, ya tallafo shok ɗin ya zaro shi. Ya zagaya da shi ta gaban motar, ya cusa shi a gefen dama. Ramukan suka hau daidai. Tiyon burki ya kwanta a kunnensa ba ja ba tilas.

"Umma ma tana tambaya," ta ce daga inda take zaune. "Ba ta tambayar kowa, amma tana tambaya. Jiya na ji tana cewa da safen ya sa takalmi ya kasa ɗaure igiyar, ta ce masa ya bar wasa zai makara."

Auta ya tsaya da sifana a kan noti.

"Ita ma?"

"Ita kaɗai take ta juya shi. Tana ganin ita ce."

Ya ɗaure notin, ya bi na biyun ya ɗaure. Ya duba tiyon hagu inda ƙarfe ya goge shi, ya ga ya fara cin zaren ciki, ba abin da za a bar wa mai ɗaukar yara ba ne. Ya ce a ransa sai an sayo sabo, a zubar da iskar burki, motar ba za ta fita yau ba. Ya kira Malama ya ce mata sai gobe da rana, ya faɗa mata an samu kuskure a gefe ɗaya kuma yana gyarawa. Ba ta tambayi na wane ne ba.

Ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa, ya tura kayan aikin ƙarƙashin motar.

"Tana gida yanzu?"

"Tana gida. Baƙin sun tafi."

"Tashi mu je. Ni zan fara, ke ki faɗi naki in kin ga za ki iya."

Ta miƙe, bayan rigarta ya yi baƙi da mai. Ya leƙa ya ce wa mai faci ya sa masa ido a kan shagon. Mai faci ya ce to, bai ɗago kai daga tayar da yake dubawa ba.